Farin Ƙyallen Maitama

Ranar da Maitama ya rasu ina zaune a tsakar gida ina tsintar wake, sai na ji ana faɗa daga gida zuwa gida wai Likita ya riga mu gidan gaskiya. Na ce Allah ya jiƙan Musulmi, don wannan haƙƙi ne a kaina. Amma kalmar likita ba ta taɓa fita daga bakina a kansa ba, kuma ba za ta fita ba. Mutumin da ko sunansa bai iya rubutawa ba, wanda iyakar iliminsa na asibiti shi ne ya danne ƙafar yaro a yi masa allura! Mijin ƙanwata Ladidi ne, mun kuma yi aiki a wuri ɗaya, saboda haka duk wanda zai ba ku labarinsa a bayana yake.

A Unguwar Sanda aka haife shi, can ciki idan ka baro Dayi, ƙasar auduga da dawa. Ubansa manomi ne na gaske, irin waɗanda ƙasa ta ci musu tafin hannu. Shi kuwa Maitama tun yana saurayi da ya ga fartanya sai bayansa ya fara ciwo. Burinsa a duniya ɗaya ne, a gan shi da wani abu a jiki wanda sauran mutane ba su da shi. Ya tafi Funtua ya yi gadi a kamfanin gurzar auduga na kaka ɗaya, ya dawo da rigar kaki mara maɓalli da usur a wuya. Awakin garinmu sun sha busa a shekarar nan. Da usur ɗin ya ɓace sai ya koma kasuwar auduga, yana zagaya buhuna da fensir a bayan kunne, ana tambayarsa farashi yana ɗaga kai sama kamar mai lissafi. Fensirin nan bai taɓa ganin takarda ba.

Wannan ne mijin da Allah ya ba Ladidi. Ita kuwa baiwar Allah ce mai sanyi, idan ka taka ta sai ta ba ka haƙuri. Sau uku tana haihuwa, sau uku ana binnewa tun ba a kai ga yaye ba. Mata suka fara raɗa a bakin rijiya suna cewa wabi take yi. Ta sha rubutu, ta ɗaura layu, ta je inda aka ce ta je. Daga nan haihuwar ta tsaya cik, shekaru suka ja, har muka fara fid da rai. Ladidi ba ta neman zane, ba ta neman kwalla a ɗaki. Abin da take roƙo ɗa ne wanda zai rayu har ya buɗe baki ya kira ta.

'Yan shekaru bayan an koma kashe naira da kwabo aka gina mana asibitin sha-ka-tafi. Ɗaki biyu ne da rufin kwano, sai bishiyar darbejiya a gabansa inda marasa lafiya ke zama. Aka turo mana Malama Matta, 'yar gidan Bitrus, Kiristoci ne na wani ƙauye kusa da Malumfashi, a wurin 'yan mishan ta koyi aikin jinya. Mace ce doguwa mara yawan magana, ga tsabta kamar ta wanke ruwa. Ni lokacin mijina ya rasu, sai aka ɗauke ni wanki da tafasa kayan aiki. Maitama ya yi ta sintiri gidan maigari har aka ba shi shara da jera mutane a layi. Layin ya riƙe hannu bibbiyu, don akwai tsawa a ciki. Tsintsiyar kuwa ni ta dawo wa.

A wata bazara, ana zafi kamar a cire fata, tarin shiƙa ya shigo gari. Wanda bai ga wannan ciwo ba ba zai gane ba. Yaro zai kama tari ba tsayawa, idanu su firfito, jijiyar wuya ta miƙe, sai ya ja numfashi da wata ƙara kamar ta zakara, sannan ya amayar da abin da ya ci. Manyan yara sukan wahala su tashi. Jarirai ne ba ya bari. Gindin darbejiyar nan ya cika da mata da goyo, daga ƙauyuka da rugagen Fulani, tun hantsi har rana ta karkata. A daidai wannan lokaci ne Ladidi take da tsohon ciki, na huɗu, wanda muka daɗe muna jira.

Malama Matta ta je Malumfashi ta dawo da ƙunshin wasu fararen ƙyallaye, ninki-ninki, kowanne da igiya huɗu da ake ɗaurewa a ƙeya. Mutanen gari suka sa musu suna takunkumi, don sun yi kama da wanda ake sa wa shanun huɗa. Ba su da yawa, bibbiyu ta ba mu. Ta tsayar da mu ta yi mana bayani a fili.

Ta ce, "Ku ji da kyau. Wanga abu ba ado ba ne. Duk tarin da yaro ya yi maku a fuska, a jikinshi yake tsayawa. Ɗaya da safe, ɗaya bayan azahar. Wanda aka cire a jefa shi cikin tukunyar Yaya Tsohuwa ta tafasa. Ba a taɓa gabanshi da hannu, ba a sauke shi a wuya, ba a kuma fita da shi daga nan. Malam Maitama, ka ji ko?"

Tsohuwa ni ce, sunan kakata na ci. Maitama ya rusuna ya ce, "Na ji, Malama, na ji sarai."

Abin da ya ji daban ne. Tana juya baya ya ɗaura nasa ya nufi kekensa, ya sunkuya yana duba fuskarsa a madubi. Ya karkata kai hagu, ya karkata dama. Na ga idanunsa suna ƙyalli a saman ƙyallen, na ce a raina, shi ke nan, an sami magajin usur.

Ranar farko ya ba ni ɗaya na tafasa. To, ruwan rijiyarmu ja ne, ƙyallen kuma na auduga. Da ya bushe sai ya ɗan tsuke, farinsa ya dushe ya koma ruwan ƙasa. Tsabtarsa ƙal, amma ba ya ɗaukar ido. Maitama ya ɗaga shi da yatsa biyu ya ce na kashe masa kaya. Daga ranar, ɗayan da yake fari bai taɓa kusantar tukunyata ba. Sai ya ƙirƙiro dabara, don wajen ha'inci kansa yana ja. Kullum da azahar ya miƙo mini tsukakken, wanda bai ko ɗaura ba, in tafasa in shanya, Malama ta gan shi a igiya hankalinta ya kwanta. Farin kuwa yana fuskarsa daga safe har yamma, yau da gobe da jibi.

Ku zo ku ga yadda ake sa takunkumi a wurin Maitama. Idan matan ƙauye ne a gabansa, yana ɗaure tam, yana daka musu tsawa ta cikinsa. Da ya hango maigari ko wani Alhaji, sai ya yi maza ya ja shi ƙarƙashin haɓa, wai rashin kunya ne ka gaida babba da baki a rufe. Idan zufa ta dame shi, ya kwance ya share goshi da wuya ya mayar. Ga shi da cin goro, ya ɗaga ya tofar ya sauke, har cikin ya yi ja. Da ya ga jan ya yi yawa sai ya juya shi, ɓangaren da yara suka yi wa tari ya koma kan bakinsa. Lokacin salla ya ninke shi ya tura cikin hularsa, tare da ɓarin goro da ɗan tsinken sakace.

Ranar kasuwar Dayi kuwa ba a magana. Zai hau keke da abin nan a fuska ya ratsa tsakiyar kasuwa yana kaɗa ƙararrawa, mutane suna darewa. A can aka fara kiransa Likita, da wasa, shi kuma ya amsa da gaske. Mahauta suna ƙara masa tsoka, masu fura suna cika masa ludayi. Ya gaya wa mutane wai daga ƙasar Turawa aka kawo shi, an jiƙa shi da magani tun daga can, ciwo ba ya ratsa shi. Mutanenmu kuwa sun san laya, sun san abin da ake ratayawa ya tsare jiki, sai suka sa ƙyallen a wannan sahu. Wani makiyayi, Manu, da 'yarsa ke ta shiƙa, ya roƙe shi aro. Maitama ya ba shi ya je ya rufa wa yarinyar ta kwana da shi, da safe ya dawo da shi tare da ƙwaryar nono. Ya karɓi nonon, ya kaɗe ƙyallen a gwiwa, ya ɗaura.

Na gaya wa Malama. Ta kira shi ta ce ya kawo farin. Ya dafa ƙirji ya rantse wai ƙyallen ya faɗi a hanyar kasuwa, ya zaro tsukakken ya ɗaura a gabanta. Ita kaɗai ce a kan marasa lafiyar da suka fi ƙarfin mutum uku, ko ruwa ba ta samun sukunin sha, ina ta ga lokacin binciken hular ƙato? Tana shiga ɗakin allura, shi yana fita gindin bishiya inda 'yan kallo suke, sai ya musanya. Korarsa kuma ba ta hannunta, yaron maigari ne.

Ana cikin haka Ladidi ta sauka. Namiji, ƙato, mai gashi baƙi wuluk da kuka kamar zai tsaga ɗaki. Na ɗauke shi na rungume. Uwarmu ta daɗe da rasuwa, saboda haka ni ce mai yi mata wankan jego. Maitama ya sayo itace, ya sa aka jibge shi a ƙofar gida har ya fi katanga tsawo, aka bar shi kwana biyu a waje don masu wucewa su gani kafin a shigar. Aka kafa rabin duro a kan murhu a tsakar gida. Safe da yamma ruwa yana tafasa a cikinsa yana tumbatsa, ina tsoma ganye ina fyaɗa mata. Ku riƙe wannan duro a ranku. A cikin gidansa yake, tsakanin zaure da ɗakin mai jego, kullum sai ya kewaye shi kafin ya wuce.

Malama Matta ta zo barka da sabulu da ɗan zanen goyo. Daga bakin ƙofa ta tsaya, ta ƙi shiga, ta ce daga cikin masu tari ta fito. Ta ce da mu duk mai tari kada ya leƙa ɗakin nan, ni da Maitama kuma kada mu taɓa yaron sai mun yi wanka mun sake kaya. Ni na bi. Ina tashi daga aiki sai in biya gidana in yi wanka da sabulu, in canza zane, sannan in taho. Maitama daga kan keke sai ɗaki. Lokacin ma ya fara wani ɗan tari busasshe, idan na yi magana ya ce goro ne ya sarƙe shi.

Ranar suna aka raɗa wa yaro Rabi'u, muna ce masa Rabe. An yanka rago, maza sun cika ƙofar gida, aka kawo shi zaure wanzami ya yi masa aski. Ni na riƙo shi, ina tsugune daga gefe. Wanzami yana gamawa sai Maitama ya miƙe, ya gyara babbar riga, ya cire hula. Ya zaro ƙyallen nan, wanda a lokacin ba mai kiransa fari sai shi, ya warware shi a hankali yadda kowa zai gani.

Ya ce, "Jama'a, kun san ciwon da ke gari. To ɗiyan wasu sai dai addu'a, amma ɗan Likita da rigakafinshi a gida."

Ya shimfiɗa shi a kan fuskar jaririn, daga hanci har haɓa.

Maza suka ce madalla. Wani ya ce ai gidan likita daban ne. Ni kuwa jinina ya hau kaina. Na fizge shi na yar a ƙasa, na rungume yaron na shige cikin gida. Ina jin Maitama yana dariya yana ce musu, "Ku ƙyale ta, mai wanki ce, mi ta sani?" Ya tsince shi, ya kaɗe, ya mayar cikin hula.

Na ɗauka burgar ranar suna ce, ta wuce. Bayan kwana kaɗan na zo wankan yamma da wuri, na ɗaga labule, sai na ga Rabe kwance a kan gado, ƙyallen a fuskarsa, yana ɗagawa yana sauka da numfashinsa. Har wani gefe ya shiga bakinsa yana tsotsa. Maitama na zaune a bakin ƙofa yana cin tuwo.

Na cire shi na ce, "Maitama, kana da hankali kuwa? Yara nawa suka yi ma wanga tsumma tari yau?"

Ya ce, "Yaya, a asibiti ki yi iko da tukunyarki. Nan gidana ne."

"Ga ruwa can yana tafasa. Taku nawa ne? Jefa shi ciki, in ya so ka rataya shi a goshi ka kwana da shi."

"In tafasa maganin ya fita? Ki lalata man shi kamar wancan?"

"Wane magani? Majina ce da yawun goro!"

Ya miƙe ya karɓe abinsa daga hannuna. Na juya wurin Ladidi ina jiran ta sa baki. Tana zaune a gefen gado, ta sunkuyar da kai, sai ta ce da ƙaramar murya, "Yaya, ki bar shi. Malam ya san aikin asibiti. Ukun farko ba su samu irin wannan ba."

Na dubi ƙanwata. Na gane inda ya kama ta. Mace ta binne uku da layu a wuyansu, ga shi yau abin asibiti ya shigo har ɗakinta, mijinta kuma ya ce tsari ne. Da ya ce mata ta dafa shi ta sha ma da ta sha. Ban ga laifinta ba a ranar, ban kuma gani ba har yau. Shi ne ya tsaya a gaban Malama ya ji bayani da kunnensa, ya rusuna ya ce ya ji sarai.

Washegari na kai ƙara. Malama Matta ta rufe asibiti da rana tsaka, abin da ba ta taɓa yi ba, ta taka har gidan. Ta tsaya a tsakar gida ta yi masa magana a gaban matarsa, ba zagi, ba ɗaga murya. Ta ce abin da yake ɗora wa yaron nan shi ne ciwon kansa. Maitama ya durƙusa har ƙasa. Ya ce ranki ya daɗe, kuskure ne, ya riga ya ƙone shi jiya a murhu. Ya nuna mata toka. Ta dubi Ladidi ta ce, "Haka ne?" Ladidi ta dubi ƙasa. Daga baya ta gaya mini cewa abin da ya canza kawai shi ne lokaci, sai na gama wanka na tafi gida yake fito da shi. Ya ce mata ni da Malama baƙin ciki muke yi, don gari ya fi kiransa Likita a kan ita Malama mai takardar.

Rabe ya fara da 'yar mura. Sai atishawa, sai ƙin nono. Shi bai ma yi shiƙar ba, ƙirjinsa bai kai ba. Zai yi ɗan tari ƙyaf-ƙyaf, sai numfashi ya ɗauke, leɓɓansa su yi duhu, jiki ya saki, mu yi ta jijjiga shi har ya dawo. Malama ta zo ta duba, na ga fuskarta ta canza. Ta ce maza a kai shi babban asibiti. Muka samu motar da ke ɗaukar hatsi zuwa Dayi, ni da Ladidi a gaba, yaron a cinyarta. Maitama yana baya a kan buhuna, da ƙyallensa a fuska, yana ɗaga wa mutane hannu. Ba mu kai bakin titi ba numfashin ya ɗauke, muka jijjiga, muka kira sunansa, bai dawo ba. Ladidi ta gyara masa zane ta rufe shi, ta ce da direba ya juya. Ko hawaye ba ta yi ba.

Allah kaɗai ya san ta inda ciwon ya shiga, ko ta ƙyallen, ko ta tarin uban, ko ta rigar da bai taɓa cirewa ba. Duk ta inda ka bi dai a wurin mutum ɗaya za ka tsaya. Kwana kuma idan ya ƙare ya ƙare, na sani, ba sai an tuna mini ba. Amma ni na ga abin da na gani.

Wurin zaman makoki ina kai ruwa zaure, na same shi a tsakiyar maza, abin nan rataye a wuyansa, yana yi musu bayanin ciwo. Wai irin wannan tari idan ya kama jariri ko a ƙasar Turawa ba ya jin magani, shi da yake cikin aikin ya sani. Wai ya yi iyakar ƙoƙarinsa, har abin da ba a ba kowa ya ba yaron. Suna gyaɗa kai suna cewa sannu Likita, Allah ya ba da lada. Na dire tulun da ƙarfi har ruwa ya fantsama masa a riga, na fita.

Mai jego ko ɗa ya mutu ba a fasa mata wanka, jikinta ɗanye ne. Saboda haka bayan an share makoki na ci gaba da zuwa ina hura wuta. Wata yamma ruwa yana tafasa, ina gyara ganye, Maitama ya shigo zai yi alwalar la'asar. Ya cire hula ya ajiye a kan tabarma a ƙofar ɗaki, ya ɗauki buta ya zagaya bayan gida.

Ladidi ta fito. Tun ranar motar nan ba ta yi magana mai tsawo da kowa ba. Ta tsuguna ta ɗauki hular mijinta, abin da ban taɓa ganin ta yi ba, ta zazzage ta. Goro ya faɗo, tsinke ya faɗo, ƙyallen ya faɗo. Ta ɗauke shi ta igiya, ta taka zuwa duron, ta sake shi a ciki. Ta ɗauki muciya ta danna shi ƙasa. Wani jan kumfa ya taso ya kewaye bakin duron. Muka tsaya muna kallo. Da ta ga ya isa sai ta tsamo shi da muciyar, yana tururi, ta rataya a kan igiyar shanya. Ya tsuke, ya koma ruwan ƙasa, ya fita tas.

Maitama ya dawo yana yarfe hannu. Ya ga hula a kife, ya ɗaga kai ya ga igiya. Ya yi wani ihu wanda ban ji ya yi ba ranar da muka juyo da gawa.

"Wa ya taɓa man kaya? Ladidi! Kin san abin da kika yi? Kin ɓata shi! Ina zan samu wani?"

Ya fizgo shi da zafinsa, yana jujjuya shi daga hannu zuwa hannu. Ladidi ko kallonsa ba ta yi ba. Ni ta duba.

Ta ce, "Yaya, abin da Malama ta ce a yi ke nan?"

Na ce, "Shi ke nan."

"Iyakarshi ke nan? Ba wani abu?"

"A tafasa, a bar shi can asibiti, a wanke hannu. Iyakarshi ke nan."

Ta dubi duron yana ta tumbatsa. Ta dubi tulin itacen da ko rabi ba mu ci ba. Sai ta zauna a ƙasa daɓas, ta ɗora hannu biyu a ka, ta yi kukan da ba ta yi a mota ba, ba ta kuma yi ranar jana'iza ba. Na bar ta ta yi. Gaban rigarta ya jiƙe da nono. Da ta lafa sai ta share fuska da gefen zane ta ce in ɗauko mata mayafinta, a gidana za ta ƙarasa wankan.

Ba ta sake kwana a gidan nan ba, ba ta kuma sake haihuwa ba. A ɗakina ta zauna, muka daina jiran ɗan da zai kira ta.

Da muka kai bakin zaure a yammacin nan na waiwaya. Yana zaune a kan tabarma, bai ko tayar da sallar ba. Ya ɗora ƙyallen a kan gwiwarsa ya kama gefe da gefe yana ja, ko zai koma yadda yake.